Doka Ta Bakwai a Rumfar Shanu

Aurland, Minnesota
11 ga Janairu, 1999

Wendell,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da kuma kunnen da ba ya jin komai sai abin da ya ga dama. Sau huɗu na buga maka waya. Ko dai ba ka ji ba, ko ka ji ka san ni ce. To ga takarda, tunda na san ƙanin mijina bai taɓa iya barin takarda ba amsa ba.

Motata nake so. Studebaker ɗina da ke rumfar shanu ta filin baje koli tun Oktoba, inda ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ke kulle su duk hunturu. Kai ne mai makulli, ina so ka fito mini da ita kafin sha biyu ga Maris.

Kada ka fara laluben littafin dokokinka tukuna, karanta ka gama. Ranar Alhamis na je wajen likitan ido a Duluth. Tsakiyar idona na hagu ta tafi, na dama ma ya kama hanya. Da rana ina ganin titi sarai, amma ƙananan haruffa sun fi ƙarfina. Lasisina na tuƙi zai ƙare ranar sha biyu ga Maris, ranar da zan cika saba'in da huɗu, kuma likitan ya gaya mini ba kwana-kwana cewa ba zan ci gwajin ido ba. Ku kuwa ba ku buɗe rumfa sai Asabar ta uku a Afrilu. Mako biyar ke nan tsakani.

Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙa motar nan. Ka san irin tuƙin da na yi mata na ƙarshe? Mil huɗu, daga gida zuwa layin ajiya, hankalina yana kan miyar da na bari a wuta. Ko kallon hanya ban yi ba. Ba zan yarda wannan ya zama rabuwarmu ba.

Gwen ba ta sani ba. 'Yata ce, ni zan gaya mata in na ga dama, kada ka riga ni.

In za ka ba ni amsa, ka yi manyan haruffa. Ni da tafireta nake rubutu, yatsuna ba su bukatar ido.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka,
Ardis

*

Norvale
15 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Ardis,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan sanyin nan bai matsa miki ba. Takardarki ta iso jiya. Na karanta ta sau uku, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da labarin idon. Da yayana Eino yana raye, na san da yanzu yana ƙofar gidana.

Amma tilas in gaya miki yadda abin yake.

Na ɗaya, akwai motoci arba'in da uku a rumfar, da kwale-kwale shida, an jera su hanci da wutsiya, tsakanin kowace da kowace bai fi tafin hannu biyu ba. An cire batir ɗin kowace. Ba a tada inji a ciki saboda rumfar katako ce.

Na biyu, motarki tana can ƙurya ta arewa, jikin bango. Ba sai na tuna miki dalili ba. Shekara goma sha tara ke nan kina riga kowa zuwa layi ranar ajiya, kina zaune da kofinki kina yi wa masu zuwa a makare dariya. Wanda ya fara shiga shi ne ƙarshen fita, kin san haka kamar yadda na sani.

Na uku, Doka ta Bakwai. Ga ta kamar yadda take a littafi: "Ba motar da za ta fita kafin ranar buɗewa, ko da wane dalili ne, ko da wane ne mai ita." A ƙasanta akwai sa hannun sakatariyar ƙungiya ta wancan lokaci. Ina jin kin san rubutun.

Ban da haka, titunan nan fari fat suke da gishirin da ake zubawa don narkar da ƙanƙara, mai sa ƙarfe tsatsa. Ke ce kika hana mu fito da mota sai an yi ruwan sama biyu ya wanke hanya, kika ce mai tuƙa tsohuwar mota a kan gishiri bai cancanci ya riƙe makulli ba.

Ba don ba na so ba ne. Ba ni da iko.

Allah Ya ba ki lafiya.
Naki da girmamawa,
Wendell Rautio

*

Aurland
20 ga Janairu

Wendell,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba.

Na ɗaya, na biyu, na uku. Sai ka ce kana auna gonar wani. Shekara talatin ka yi kana aikin awon filaye, har yanzu ba ka iya magana da mutum ba sai da tef a hannu.

Na san wadda ta rubuta Doka ta Bakwai. Ni ce, kuma na rubuta ta da kyau. Ba na jin kunyarta. Amma lokacin da na rubuta ta ina da ido biyu, kuma a ganina Afrilu na zuwa wa kowa duk shekara.

Ka san abin da nake yi a gidan nan tun Oktoba? Kowace shekara haka nake, bana dai ya fi muni. Ina zaune a kujerar kicin sai in ji ƙafata ta hagu tana taka kuloci a kan tabarmar ƙasa. Ranar Lahadi a coci ana tsakiyar waƙa na kama kaina ina sa giya ta biyu da littafin addu'a. Na buɗe gareji in ɗauko shebur, sai ga tabon mai a siminti inda take tsayawa, na tsaya a kansa har yatsuna suka daina ji. Kewarta nake, Wendell, kewa irin ta mutum. Ina kewar yadda take tari sau biyu kafin ta kama, da warin kujerarta in rana ta buga, da yadda sitiyarin yake ja dama kaɗan in an wuce gadar Kettle.

Kada ka ce ai ina da ƙaramar motar nan da Gwen ta saya mini. Wannan ba mota ba ce, firji ne mai taya. Ita ke sa wa kanta giya, ita ke yi mini ƙara in ban ɗaura bel ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a ƙauyukan nan, cikin ƙanƙara da laka, ban taɓa faɗawa rami ba, yau ga akwati yana koya mini tuƙi.

Gishiri kuma, na ji. Motata ce. In tsatsa za ta ci ta, ta ci ta a ƙarƙashina, ba a ƙarƙashin tamfol ba.

Ba roƙonka nake ba. Ka je ka sake dubawa. In ka ce babu hanya, zan zo da kaina da abin yanka kwaɗo, ka kira ɗan sanda ya kama tsohuwa mai shekara saba'in da uku a rumfar shanu, a buga a jaridar Norvale.

Sai na ji daga gare ka.
Ardis

*

Norvale
27 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Ardis,

Gaisuwa mai yawa. Na bar maganar abin yanka kwaɗo, domin na san ba ki da shi. Eino ya ara mini shi tun 1990, yana nan a gidana.

Ranar Asabar na shiga rumfar duba ɓeraye kamar yadda na saba. Na tafi da tef, tunda kin ambace shi. Ga abin da na samu.

A bangon gabas akwai ƙofar da ake shigo da ciyawa lokacin baje koli. Faɗinta ƙafa bakwai da inci biyu. Motarki ƙafa shida ce ba kaɗan. In aka bi ta nan, ba sai an taɓa motoci arba'in da uku ba. Takwas ne kawai, har da kwale-kwale ɗaya, za a tura waje da hannu, a fito da taki, a mayar da su.

Na kai maganar wurin shugaban kwamiti. Ban faɗi dalili ba, na ce dai larura ce. Ya ce shi ba zai karya dokar ƙungiya ba, amma in duk masu motocin da za a taɓa sun sa hannu sun yarda, zai kau da kai.

Bakwai daga ciki zan iya samo su, har da mai kwale-kwalen. Ta takwas ita ce ke manne da taki, ba yadda za a yi a kewaye ta. Ford ce baƙa, ta 1940. Ta Orville Sandvik.

Na san kin tuna, amma bari in rubuta don kada mu yi wa juna wasa. A Fabrairun 1983 Orville ya nemi a fito masa da motar nan ya kai 'yarsa coci ranar aurenta, domin a cikinta ya kai uwarta. Kika ce a'a a gaban kowa. Yarinyar ta tafi ɗaurin aurenta a motar kai burodi ta aro. Mako biyu bayan haka kika rubuta Doka ta Bakwai. Tun daga ranar ban ga ya yi miki magana ba.

Ni ba zan je wurinsa ba. Ba ni na yi ba. In kina son sa hannunsa, ki je da ƙafarki, kuma shawarata ki gaya masa gaskiyar abin da ke damunki.

Na ɗaga tamfol ɗin motarki. Ba ɓera, tayoyi ba su sace ba, warin kafur sai ka ce a sumar da mutum.

Allah Ya taimaka.
Naki,
Wendell Rautio

*

Minneapolis
4 ga Fabrairu, 1999

Baffa Wendell,

Ina gaishe ka, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Na kira ka sau biyu, don Allah ka sa abin kunnen nan da muka saya maka.

Baffa, na sani. Ofishin likitan ido sun kira ni kan ranar da Mama za ta koma, tunda lambata ce a takardarsu. Da na tambaye ta sai ta ce, "Au, wannan? Ɗan hazo ne." Sannan ta ce in daina sa mata baki a al'amuranta, ta kashe wayar. Daga baya matar fasto ta gaya mini wai kana yawo gida-gida da takarda kana neman sa hannu.

Baffa, me kuke shirin yi? Motar nan ba ta da bel. Birkinta sai an taka da ƙarfin gaske. A kan ƙanƙara, da ido ɗaya da rabi? Kirsimetin da ya wuce ta zuba gishiri a kofinta a maimakon sukari, ta shanye tas don kada in gane. Ka san halinta, za ta gwammace ta mutu da ta ce "ba na gani."

Ba kanta kaɗai nake ji ba. Akwai mutane a hanyar nan.

Makullin yana hannunka. Ba sai ka yi faɗa da ita ba, ka ce kwamiti ya ƙi, shi ke nan. Za ta yi fushi wata biyu ta huce. Na riga na rasa Baba, ba zan iya ɗaukar wata wayar irin waccan ba.

Ka gaishe mini da kowa.
'Yarka,
Gwen

*

Norvale
9 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Gwen,

Na gode da takardarki, Allah Ya yi miki albarka. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma na kwana biyu ina juya shi.

Ƙarya dai ba zan yi mata ba. Ban taɓa yi ba, kuma ko na yi sai ta gane kafin in rufe baki. Lasisinta yana aiki har sha biyu ga Maris, hukuma ba ta hana ta ba, ni ma ba ni da hurumin hana ta.

Amma ki kwantar da hankalinki. Akwai sa hannu ɗaya da ba za ta taɓa samu ba, domin sai ta je ta tsaya a ƙofar Orville Sandvik. Kin san mahaifiyarki. Abin zai mutu da kansa ba tare da kowa ya zama mugu ba.

In kuwa na yi kuskure, na yi miki alkawari ba za ta fita ita kaɗai ba.

Ki gaida maigidanki.
Baffanki,
Wendell Rautio

*

Aurland
16 ga Fabrairu

Wendell,

Gaisuwa. Buɗe ambulan da kyau, akwai takarda ta biyu a ciki. Ka duba layi na takwas.

Jiya da hantsi na je. Na same shi a gareji yana goge fulogogin da ba za su ga inji ba sai Afrilu. Kai ma ka san cutar, duk muna da ita. Ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da gogewa.

Na ce, "Orville."

Ya ce, "Sakatariya. Ɓatan hanya kika yi?"

Na ajiye takardar a kan bencinsa na ce ina son motata kafin ranar buɗewa, tasa ce ta tare ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Shekara goma sha shida ina jiran ranar nan. Har jawabi na tanada, ina maimaita shi in ina aski. Bari in tuno farkonsa."

Na ce, "Yi sauri, sanyi nake ji."

Ya ce, "Ce kin yi kuskure a 1983, in sa hannu yanzu."

Na ce, "Ban yi kuskure ba. Da na buɗe maka, da kowa ya zo da auren 'yarsa da jana'izar kakarsa, da rumfar ta zama kasuwa. Dokar daidai take a lokacin, daidai take yau. Karya ta nake so in yi, shi ya sa na zo."

Ya ce, "Kai! Ko roƙo ba ki iya ba."

Na ce, "Ban zo roƙo ba."

Ya tambayi dalili, na ce dalilina nawa ne. Sai ya ɗauko wani hoto daga jikin bango ya miƙo mini, ya ce, "To dubi wannan ki gaya mini ba ki yi kuskure ba." Na karɓa. Wendell, fari na gani da wani abu mai duhu a bayansa. Na san hoton auren ne, na san motar burodin ce, amma fuskar yarinyar babu ita, sai rami. Na karkatar da kai ina nema da gefen ido, ban san ina yi ba. Da na ɗago, ya daina murmushi.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Ba ruwanka."

Ya ce, "Ranar nawa lasisin zai ƙare?"

Na faɗa masa. Ya goge hannunsa a wando ya sa hannu. Na ce masa in tausayi ne ya riƙe abinsa, ba na so. Ya ce, "Tausayinki? Allah Ya kiyaye. So nake in ga Ardis Rautio tana tuƙi a kan gishiri da idona, in ba jikokina labari." Ya kuma ce ba wanda zai taɓa Ford ɗinsa sai shi, shi zai tura abarsa.

Da zan fita na ce masa yarinyar ta cancanci motar ubanta a ranar, dokar ce ba ta da ido. Iyakar abin da zai samu ke nan daga gare ni, kuma ya san haka.

Yanzu sai ka sa rana.
Ardis

*

Norvale
22 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Ardis,

Bayan gaisuwa. Na ga layi na takwas. Na zauna na daɗe ina kallonsa, domin gaskiya ban zaci za ki je ba.

Asabar, shida ga Maris, ƙarfe goma na safe, in ba a yi sabuwar ƙanƙara ba. Zan sa a share bakin ƙofar gabas, a shimfiɗa katako. Ki kawo batir ɗinki da caji.

Ga shawara, ki karanta ta da sanyin rai. Filin sukuwar dawaki yana nan bayan rumfar, zagayensa rabin mil. Zan sa a share shi. Ba gishiri, ba mota, ba mutum. Ki zagaya sau hamsin in kina so. Gwen ta san komai, ba ni na gaya mata ba, kuma hankalinta a tashe yake. Wannan zai kwantar mata da rai, ni ma haka.

Naki,
Wendell Rautio

*

Aurland
25 ga Fabrairu

Wendell,

Na gaishe ka. Ni ba doki ba ce.

Hanyar da na raba wasiƙu zan bi, daga filin baje koli zuwa gadar Kettle, in zaga ta cocin Finnawa in dawo. Mil ashirin da biyu. Na san kowane rami da kowane akwatin wasiƙa a hanyar nan fiye da yadda ka san aljihunka.

In kana so ka zauna a gefe, zauna. Amma hannunka a cinyarka, bakinka a rufe.

Ardis

*

Norvale
7 ga Maris, 1999

Zuwa ga Gwen,

Ina gaishe ki. Kafin komai: mahaifiyarki lafiya lau, motar lafiya lau, ba wanda ya ji ciwo. Yanzu ki zauna ki karanta sauran.

Na yi kuskure da na ce miki ba za ta je wurin Orville ba. Ki yafe mini.

Jiya gari ya waye garau, sanyi digiri goma ƙasa da sifili. Mutum tara na gayyata, goma sha bakwai suka zo, ba wanda bai haura sittin ba. Wasu ma motocinsu ba su cikin layin, sun zo ne kawai don a ɗaga tamfol su ga fenti. Na ga wani ya faki ido ya shafa bonet ɗin motarsa kamar mai gaida mara lafiya. Matan suka kawo kofi da burodin kirfa suka ajiye a kan bayan kwale-kwale.

Awa biyu muka yi muna turi. Ana tura mota ana zagin mai ita. Orville ya hana kowa taɓa Ford ɗinsa, ya tura shi kaɗai har fuskarsa ta yi ja, sai da mahaifiyarki ta ce, "Matsa, tsoho, kafin mu yi jana'iza," ta sa kafaɗa. Bai hana ta ba.

Studebaker ta fita ta ƙofar ciyawa, na auna da idona, saura inci bakwai kowane gefe. Aka sa batir. Mahaifiyarki ta ɗiga fetur kaɗan a kafireto da hannunta, ba ta bari kowa ya yi ba. Motar ta yi tari sau biyu ta kama. Gwen, ban taɓa jin tsofaffi sun yi ihu haka ba. Tun Oktoba ba wanda ya ji ƙarar inji irin wannan a cikinmu.

Na shiga gefe kamar yadda na yi miki alkawari. Da muka iso bakin kwalta, ga gishiri fari shimfiɗe, ta tsaya. Na ɗauka ta fasa. Sai ta ce wa motar, "Yi haƙuri, 'yar gari," ta saki kuloci. Ina jin gishirin yana buga ƙasan motar, kowace ƙwaya ɗaya sai na ji ta a haƙorina. Ita kuwa ta sauke gilashi cikin wannan sanyi, ta fitar da gwiwar hannu.

Ba ta wuce mil talatin da biyar a awa ba. Tana tafe tana kiran sunan kowane gida kafin mu iso, har waɗanda masu su suka rasu tun tuni. A gadar Kettle ta yi dariya ita kaɗai, ta ce, "Ka ji ta? Tana ja dama." Shekara biyar rabon da in ji wannan dariyar, tun rasuwar mahaifinki.

Mun yi mil goma sha huɗu. Abin da ya faru a nan ba nawa ba ne in faɗa, ta ce ita za ta rubuta miki. Abin da zan iya gaya miki shi ne ban buɗe baki ba, ban kuma ɗaga hannu ba, ba a bukaci haka ba.

Da muka dawo mun tarar ba wanda ya tafi. Orville ya jawo tiyo daga ɗakin wankin shanu, ya haɗa da ruwan zafi. Mutum mai shekara saba'in da takwas ya kwanta a kan kwali a ƙarƙashin motar mahaifiyarki yana wanke gishiri, yana zaginta, ita kuma tana tsaye a kansa tana cewa ya bar wuri a bayan taya. Sai da ta bushe muka mayar da komai yadda yake. Na kulle ƙarfe huɗu da kwata.

Gwiwata ta kumbura, amma ba komai.

Ki gaida gida.
Baffanki,
Wendell Rautio

*

Aurland
8 ga Maris, 1999

Gwen, 'yata,

Ina gaishe ki. Ba hazo ba ne, kin sani, na sani.

A mil na goma sha huɗu akwai akwatin wasiƙar gidan Lahti, a dama, bayan kwana. Na gan shi tun daga nesa, baƙi a tsaye inda yake kullum. Na matsa kusa da shi yadda hannuna ya saba. Sai akwatin ya ɗaga hannu ya gaishe ni. Matar gidan ce, cikin baƙar riga, ta fito ɗaukar wasiƙunta.

Ban taɓa ta ba, ko kusa. Ita ba ta ma san komai ba. Amma ni na sani. Na tsaya, na ja birkin hannu, na fito na zagaya, na ce wa baffanki ya matsa ya karɓi sitiyari. Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya zauna a kujerar nan sai ni, ko ubanki. Yadda yake sa giya ta biyu abin kunya ne.

Ga lasisina a cikin ambulan. Saura kwana huɗu ya ƙare, na bar musu. Ba likita ne ya karɓe shi ba, ba hukuma ba, ba ke ba. Ni na ajiye, a hanyata, a cikin motata, da injin yana aiki.

Ban yi nadamar mil goma sha huɗun ba, kada ki jira in ce na yi.

Motar ba ta sayarwa ba ce. Ki ɗauki hutun mako guda a watan Mayu, ki zo da takalmi marar tsini. Za ki koyi kuloci, ina gefe, kuma ni ba zan rufe bakina ba.

Ki huta lafiya.
Mama